Shekarar da Aka Ari Jerena

Tun shekaranjiya ake marka. Ba ruwa mai ƙarfi ba, irin yayyafin nan ne da ba ya ɗaukewa, shanya ta ƙi bushewa, ashana ta ƙi kamawa, bango sai warin danshi. Ina bakin ƙofa ina tsince shinkafa, 'yata Nafisa ta miƙo min wayarta. Wai in ga, an buɗe wani gidan baje kolin zane-zane a cikin gari, ita da ƙawayenta sun je sun sha hotuna. Na ga 'yan mata tsaye gaban wani allo da aka watsa wa fenti, kowacce ta karkata kai kamar allon yana yi mata raɗa.

Ta ce, "Umma, ke fa ba za ki gane ba."

Na ce, "Da gaskiyarki. Wancan karon ma ban gane ba, alhali kayana aka baje."

Ta yi dariya, ta ɗauka zolaya ce. Tana ƙarama lokacin, ba ta riƙe komai ba.

A Panshekara muke a shekarun, gidan haya, ciki da falo. Malam Tasi'u, mijina, mahaifinsu, yana aiki a wani kamfanin kwano a Sharada, kuma shi ne mai fure. Idan an buga samira ko langa an shafe ta da farin fenti, kafin a saka ta wuta sai a kawo murafen sashensu. Shi yake zana furen a takarda, ya yanke siffarsa a jikin falle, yara su ɗora su fesa launi. Kullum yana dawowa da ja da kore a ƙarƙashin farce, ko alwala ba ta fitar da su. Duk sabon furen da ya fito daga hannunsa kuwa, sai ya sayo min seti guda. Yaran yanzu ba su san jere ba, sai tangaran da gilashi a ɓoye a kicin. Mu a lokacinmu kabet ɗin mace shi ne fuskarta. Baƙuwa za ta shigo, bakinta yana gaishe ki, idonta yana can yana hawa da sauka. Nawa layi biyu ne a kowane hawa, na gaba ƙanana, na baya manya suna leƙowa ta samansu. Har amare ake kawowa su ga yadda ake yi.

Abin bai zo lokaci ɗaya ba. Da farko wuta ce babu, sai janareta. Sai aka ce baƙin mai ya yi tsada, aka soke aikin dare. Sai kwanukan waje suka cika kasuwa, masu sheƙi, marasa nauyi, ga arha. Mu mata da jiniyar kamfanoni muke auna rana: ta safe mu san lokacin kunu ya yi, ta yamma mu ɗora tuwo. Ɗaya bayan ɗaya suka yi shiru, har na riƙa makara da girki ban san dalili ba. Gab da faɗuwar damina aka ce su Malam su je gida, za a neme su.

Ruwan shekarar ya yi yawa, kuma azumi ya faɗo a cikinsa. Da rana idan hadari ya haɗu bai zubo ba, zafi ne mai ɗanɗano, jiki ya yi ta naso, ga warin ruwan kamfanonin fata na Challawa da iska take kwasowa. Idan ya zubo kuma kwata ta cika ta shigo tsakar gida. Itace jiƙaƙƙe, sai hayaƙi da hawaye. Kananzir mun daina maganarsa. Sauro ya kwantar da yara bi da bi.

Maƙwabciyata a gidan Saratu ce, matar Bitrus, mutanen Filato. Bitrus direban motar kaya ne a kamfanin su Malam, tare aka sallame su. Ni da ita muka haɗa murhu, don wuta ɗaya ta fi sauƙin riƙewa a kan biyu. Da hantsi mu ɗauki buhu mu bi bayan katangun kamfanonin da aka rufe, inda tafasa da rama suka fito har gwiwa, mu tsinko. Maza ma sun shuka masara da kuɓewa a wurin da manyan motoci suke juyawa a da. Ba ta azumi, amma ban taɓa ganin ta kai ko ruwa baki a gabana ba. Idan la'asar ta yi ita ke fifita wuta, wai kada hayaƙi ya ƙara min ƙishi.

Malam kullum yana fita neman rubutun allon shaguna. Wata rana ya samu, yawanci babu. Mutum ne da bai iya roƙo ba, ko gishiri ba ya so a aro. Na bar shi a kan cewa kitson da nake yi wa matan unguwa ne yake riƙe da mu. Wa yake kitso a shekarar? Kowa ɗaure kai take ta sa hijabi.

Akwai wata dillaliya, Iya Tabawa, mai yawo da ƙullin kaya gida-gida. Ranar da na ga ko na sahur babu, na kira ta ɗaki, na ciro babbar samira daga layin baya. Ta juya ta, ta ƙwanƙwasa gindinta.

Na ce, "Iya, amma ban da murfi."

"Ke 'yar nan, wa zai sayi samira tsirara?"

"Masu abinci a tasha, ai ba sa rufewa."

Ta dube ni ta dubi murfin da na rungume a ƙirji. Sai ta cusa samirar a ƙullinta.

Da ta fita na ga gurbin ya yi duhu kamar an cire haƙori. Na nemo babban gwangwanin madara, na ajiye a wurin, na kifa murfin a kai. Bai kai tsawo ba, na ninke tsumma na ɗora a ƙasa. Na koma bakin ƙofa na duba. Ƙananan gaba sun tare, furen yana leƙowa kamar kullum, ba ka ce an taɓa ba. Kayana ne, babu wanda zai ce na ci haƙƙinsa. Amma na san Malam. Aikin ya tafi, jiniya ta tafi, abin da ya rage masa shi ne idan an sha ruwa ya jingina da bango ya yi ta kallon kabet ɗin nan. In ya san furanninsa yake ci a kwano, tuwon ba zai wuce masa ba.

Haka muka yi ta tafiya. Samira ta zama masara, langa ta zama maganin zazzaɓi, wata ta zama gero da tsamiyar kunu. Saratu kaɗai ta sani, don ita take samo min gwangwanaye wajen mai shayi, na madara da na tumatir, mu wanke mu goge. Kafin azumi ya raba, layin baya kusan duk murafe ne a kan gwangwani.

Ranar nan Malam ya shigo da fara'ar da na daɗe ban gani ba, ko takalmi bai gama cirewa ba.

"Hajara, ashe akwai masu tuna mu! Wata malamar zane ce, Zuwaira, ita da abokan aikinta za su yi baje koli bayan Sallah, a wani tsohon sito a Bompai. Abubuwan da kamfanonin Kano suka yi, atamfa, fata, kwano. Bitrus ya ba su labarin jerenki. Na ce su zo su ɗauka, aro ne, za su dawo da shi."

Na ce, "Baje koli, sayarwa za su yi?"

"A'a, kallo kawai."

"A kalla a yi me?"

"A kalla mana, Hajara! A san an yi mu."

In na hana, sai na faɗi dalili. In na bari, ranar ɗauka komai zai fito. Goman ƙarshe ta shigo, mutane suna roƙon Aljanna, ni kuwa, Allah Ya yafe min, rabin addu'ata a kan kabet take: Ya Sattaru, Ka rufa min asiri, kada bawan nan Naka ya gani.

Ranar da suka zo Malam ba ya nan, ya samu rubutun wani shagon tela. Na ce Alhamdulillahi. Malama Zuwaira doguwa ce, da tabarau, da jaka a rataye, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. Ta ce a fara janyo kabet ɗin daga bango kafin a sauke kaya. Masu ɗauka suka ja. Ashe danshi ya gama cinye katakon baya, sai kawai ya saɓule, ya tsaya manne da bango. Ga gwangwanaye nan reras, da tsummokarana, har da wani tsohon ɗankwali da na ninke.

Ta ce wa mazan su jira a waje. Ta tsuguna ta daɗe tana kallo.

"Anti, ku kuka yi wannan?"

"Ni ce."

"Me ya sa kuka bar murafen?"

"A nan furen yake."

Ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce, "Anti, in kun yarda, yadda yake ɗin nan zan kai shi. Ba zan cire ko gwangwani ɗaya ba, kuma ba zan sa sunan kowa ba. Kun yarda mutane su gani?"

Na ce, "Ai don a gani ake jere."

Ta ɗauki hotuna don ta mayar da komai gurbinsa, muka naɗe kayan tare a takarda, muka rufe a kwalaye. Na yi ta sa mata albarka. A zuciyata na ce wannan 'yar mutanen kirki ce, ta gane. Za ta mayar da dabarata yadda take, ta jingina shi da bango, maganar ta mutu tsakanina da ita. A gidanmu, a gidan kakata, a duk ɗakin da na taɓa shiga, bango ne bayan kabet.

Cikin satin Sallah muka tafi, ni da Malam da Bitrus da Saratu. Malam ya sa babbar rigarsa ɗaya da ta rage, ya kafa hula. Ana ruwa, muka canja bas a hanya, muka isa Bompai ƙafafuwanmu duk taɓo.

Siton ƙato ne, an shafe shi da farar ƙasa, janareta yana ruri a baya, fitilu kamar rana. Ruwa yana dukan kwanon rufin. Mutane cike, masu kwat, masu manyan riguna, Turawa 'yan kaɗan, ga tsofaffin ma'aikata a rakuɓe gefe guda kamar ba su aka gayyata ba. Kowa yana magana ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki, amma ana raba lemo ana murmushi.

Na yi makaranta har sakandare, na san zane. An koya mana zana tulu da ganyen mangwaro. Amma abin da na gani a wurin ban san sunansa ba. Wani allo baƙi ƙirin, sai ɗigon ja a kusurwa, wani mutum ya riƙe haɓa yana ta gyaɗa masa kai. An rataye atamfa doguwa wadda bugunta ya karkace, irin wadda ake zubarwa. A kan wani farin akwati an ɗora kwaɗo mai tsatsa, shi kaɗai, an haska masa fitila. Can kuma takalman ma'aikata ne a jere a ƙasa.

Saratu ta raɗa min, "Maman Nafisa, masallaci ne a ciki?"

Bitrus ya sunkuya ya leƙa. "Wallahi wannan kamar nawa ne. Da na san za a haska masa wuta da na goge shi."

Wani saurayi ya zo da sauri ya ce don Allah kada a taɓa. Bitrus ya ce, "Ɗana, shekara nawa ƙafata tana ciki, yau kuma ya fi ƙarfina?"

Ina cikin dariya na ɗaga kai.

Kabet ɗina ne, a tsakiyar fili. Ba bango a bayansa, ba komai. An sa masa fitila daga sama, mutane suna zagaya shi. Waɗanda suke gaba ba su da yawa. Cunkoson a baya yake.

Saratu ta kama hannuna ta matse.

Akwai ƙaramin kati a gefe, an rubuta jeren wata mata daga Panshekara, babu suna kamar yadda ta yi alkawari. Sunan me? Tsofaffin abokan aikin Malam suna hango shi suka ɗau murya: "Kai, wannan ai hannun Tasi'u ne! Ga mai furen rumman nan! Malam Tasi'u, zo ka ga 'ya'yanka!" Ya tafi yana dariya, ana ba shi hannu. Ya tsaya a gaba yana nuna musu: wannan shi ne na farko, wannan jan sai da aka sake haɗa shi don wuta tana cinye shi, wannan Lagos ma an kai shi. Muryarsa ta dawo irin ta da.

Sai ya lura mutanen baya ba shi suke saurare ba. Ya ce, "Me ake kallo a nan kuma?" Ya zagaya.

Daga inda nake ina ganin fuskarsa ta tsakanin murafen. Ya tsaya. Ya dubi hawan sama, ya sauko a hankali har ƙasa. Bitrus ya biyo shi da wata maganar wasa a baki, bai ƙarasa ta ba. Ɗaya daga cikin abokan nasa ya cire hula ya share kai, ya mayar, ya koma kallon rufi.

Malama Zuwaira ta iso wajena fuskarta a sake. "Anti, kun gani? Tun safe kowa nan yake tsayawa. Akwai waɗanda suka yi kuka." Sai ta dubi idona, ta dubi Malam. Murmushin ya tafi.

"Bai sani ba?"

Na girgiza kai.

"Innalillahi. Anti, na ɗauka kun gane abin da nake nufi."

Na ce, "Ni ma na ɗauka kin gane."

Ta juya za ta kira a tura shi jikin bango. Malam ya ɗaga hannu, bai ko waiwayo ba. "A bar shi."

A lokacin wani ɗan jarida ya matso da rikoda. "Malam, an ce kai ne mai wannan fasaha. Me za ka faɗa wa masu sauraro?"

Malam ya dubi rikodar, ya dubi kabet ɗin. Sannan ya ce, "Furen nawa ne. Wannan na bayan ban san da shi ba sai yau. Na maiɗakina ne." Ya nuna gwangwanayen. "Ni da fenti aka ba ni na yi nawa. Ita ba a ba ta komai ba."

Kawuna suka juyo. Na ja hijabi na rufe fuska. Wata hajiya mai ƙamshin turare ta kama hannuwana biyu, hawaye a idonta, tana cewa, "Barka, barka, kin burge ni." Wata Baturiya ta ce wani abu, aka fassara min wai ba ta taɓa ganin aiki mai ƙarfi kamar wannan ba. Aiki? Na tsaya ina amsa barka ban san ta mece ce ba. Abin da na kwana ina roƙon Allah Ya rufe, shi ne aka haska wa fitila, kuma ba wanda ya yi min dariya. Shin an wulaƙanta ni ne, ko an karrama ni? Addu'ata ce ba a karɓa ba, ko haka karɓar tata take? Na tambayi malamar Islamiyyarmu daga baya, ko nuna talauci haka kai ƙarar Ubangiji ne wajen bayinSa. Ta ce ita dai ba ta taɓa cin karo da mas'alar kabet ba.

Ba mu daɗe ba muka fito. Su Bitrus suka ce za su biya wani wuri, na san ba inda za su. Muka shiga bas mu biyu, ruwa yana shigowa ta tagar da ba gilashi, ya jiƙa masa kafaɗar riga, bai matsa ba. Muka wuce Bompai, muka ratsa gari, muka kama hanyar Sharada. Ni kuma ina ta shirya maganar ban haƙuri, ina rasa laifin da zan ba da haƙuri a kansa. Muka zo daidai ƙofar kamfaninsu, masara ta yi tsawo har ta rufe rabin rubutun. Bai kalla ba. Hannuwansa yake kallo.

Sai da muka kusa Panshekara ya yi magana, a hankali, yadda na kusa da mu ba zai ji ba.

"Hajara."

"Na'am, Malam."

"Gobe akwai abin da za a ɗora?"

Tun da aka rufe kamfani bai taɓa yi min wannan tambayar ba. Na buɗe baki zan ce Alhamdulillahi, akwai. Har kalmar ta zo kan harshena.

Na ce, "Babu."

Ya gyaɗa kai. Ya sa gefen rigarsa ya goge fuska, ruwa ne ko ba ruwa ba, ban duba ba.

Ya ce, "To. Daga yau haka za ki riƙa gaya min."